Karlos Alkaraz da makin ƙarshe

1. Wasan da ba ruwansa da agogo

Yara, kun san ƙwallon ƙafa. Idan minti 90 suka cika, alƙali ya busa usur, wasa ya tashi. In saura minti ɗaya kuma an ci ku huɗu ba ku ci ko ɗaya ba, kun san babu sauran dabara. Yau za mu karanta labarin wani wasa dabam, wanda agogo ba ya tashinsa. Sunansa tanis. Za mu kuma karanta labarin wani saurayi da ya shahara a cikinsa tun yana ɗan shekara 19.

Mutum biyu ne suke karawa a wasan tanis. Wani lokaci kuma huɗu, biyu nan, biyu can. Filin yana da tsawon mita 23,77. Faɗinsa mita 8,23 ne idan mutum biyu ke wasa. An raba shi biyu da raga, wadda tsayinta a tsakiya bai cika mita ɗaya ba. Kowane ɗan wasa yana riƙe da raket, wato abin bugu mai mariƙi da faffaɗan kai wanda aka saƙa da zare mai ƙarfi. Ƙwallon ƙarama ce, kamar lemun zaƙi matsakaici, nauyinta bai kai giram 60 ba.

Ana buga ƙwallo ta ƙetare raga ta faɗa cikin filin abokin karawa. Shi kuma ya maido ta kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Wanda ya kasa maidowa, ko ya buga ta a raga, ko ya fitar da ita waje, ya ba abokin karawarsa maki ɗaya.

Ga yadda ake lissafi. Makin farko ana kiransa 15, na biyu 30, na uku 40. Wanda ya ci na huɗu ya ɗauki abin da za mu kira zubi ɗaya a cikin wannan darasi. Amma in sun yi 40 da 40, sai wanda ya ci maki biyu a jere. Mutum ɗaya ne ke yin bugun buɗewa a cikin zubi, a zubi na gaba sai ɗayan ya karɓa. Wanda ya riga tara zubi 6, ya kuma ba da ratar biyu, ya ci turmi ɗaya, kamar yadda ƴan dambe suke cewa. In sun yi 6 da 6, sai a yi ɗan gajeren wasa na raba gardama. A manyan gasa, namijin da ya riga cin turmi 3 shi ya ci karawar.

Ku lura da abu ɗaya. Komai nisan da aka yi wa ɗan wasa, ba a kayar da shi ba sai an ci makin ƙarshe. Shi kuwa makin ƙarshe, babu agogon da zai kawo maka shi. Sai ka ci shi da hannunka.

Manyan gasa na tanis huɗu ne a shekara. Ta farko a Malbon, ƙasar Ostiraliya, cikin watan Janairu, a kan daɓe mai tauri. Ta biyu a Paris, ƙasar Faransa, a filin da ake kira Rolan Garos, a kan jar ƙasa ta garin bulo. Ta uku a Wimbildon, cikin birnin Landan, a kan ciyawa. Ta huɗu a Niyu Yok, ƙasar Amurka, ita ma a kan daɓe. A kowace gasa maza 128 ne suke farawa. Wanda aka kayar ya fita. Mai son kofi sai ya ci karawa 7 a jere cikin mako biyu.

2. Yaron El Palmar

An haifi Karlos Alkaraz ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2003 a El Palmar, wani gari kusa da birnin Mursiya, a kudu maso gabashin ƙasar Espanya. Yanki ne mai zafi da ƙarancin ruwan sama. Manomansa da ban ruwa suke noman lemun tsami da kayan lambu. Su huɗu ne a gidansu, duka maza, Karlos ne na biyu.

Mahaifinsa ma ɗan wasan tanis ne a lokacin samartakarsa, amma rashin kuɗi ya hana shi yin nisa. Sai ya zama mai koyar da wasan a wata ƙungiyar wasanni ta garinsu. A can ne Karlos ya fara riƙe raket yana ɗan shekara 4.

Tanis wasa ne mai cin kuɗi. Yaron da ke son ya gwada kansa da sa'o'insa dole ya yi tafiya gari gari, ƙasa ƙasa, ya biya mota ko jirgi, ya biya masauki. Gidan su Karlos ba su da ƙarfin wannan. Wani ɗan kasuwa na yankinsu, mai kamfanin kayan zaƙi, shi ya taimaka da kuɗin tafiye-tafiyensa tun yana ƙarami.

A shekarar 2018, yana ɗan shekara 15, ya bar gida ya koma makarantar koyon tanis a garin Biyena, tafiyar kilomita kamar 100 daga El Palmar. Malaminsa a can shi ne Huwan Karlos Ferero, wanda ya ci gasar Paris a 2003, shekarar da aka haifi ɗalibin nasa. Ferero ya ga yaron yana da ƙarfi da sauri da dabaru masu yawa. Ya iya dukan ƙwallo kamar harsashi. Ya kuma iya taɓa ta a hankali ta faɗo gindin raga, abokin karawa yana can nesa, ya sheƙo a guje bai cim mata ba. Aikin malam shi ne ya koya masa lokacin da ya dace da kowace dabara, da tsarin barci, da na abinci, da na horo. Sun yi aiki tare har ƙarshen shekarar 2025.

3. Hawan tsani

A watan Fabrairu na 2020, a birnin Riyo na ƙasar Birazil, Karlos ya ci karawarsa ta farko a gasar manya. Shekarunsa 16, abokin karawarsa kuwa 32. Sun yi fiye da awa uku suna bugawa, ba su gama ba sai wajen ƙarfe uku na dare. A watan Yuli na 2021 ya ɗauki kofinsa na farko a garin Umag na ƙasar Kuroshiya.

Shekarar 2022 ita ce ta fito da sunansa duniya. A gasar Madrid, babban birnin ƙasarsu, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 19, ya kayar da Rafayel Nadal, gwanin da yake kallo a telebijin tun yana yaro. Kashegari ya kayar da Nobak Jokobic, ɗan ƙasar Sabiya, wanda shi ne na ɗaya a duniya a lokacin. Kafin nan babu wanda ya taɓa kayar da waɗannan gwanaye biyu a gasa ɗaya a kan jar ƙasa.

A watan Satumba ya je Niyu Yok. Can ya haɗu da wani saurayi ɗan ƙasar Italiya mai suna Yanik Sinar, wanda ya girme shi da shekara biyu ba kaɗan. Ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi. Sun yi awa 5 da minti 15 suna karawa, har ƙarfe uku saura minti goma na dare. A turmi na huɗu saura maki ɗaya Sinar ya yi nasara. Karlos ya hana shi, daga baya ya ci karawar. Ranar 11 ga Satumba ya kayar da Kaspa Rud na ƙasar Norwe ya ɗauki kofi. Kashegari aka sa sunansa na ɗaya a jerin gwanayen duniya, yana da shekara 19 da wata 4. Tun da aka fara tsara wannan jeri a 1973, ba a taɓa samun namiji mai ƙarancin shekaru kamarsa a wannan matsayi ba.

4. Ranar da jiki ya ƙi

Kuna iya zaton wanda ya zama na ɗaya a duniya ya wuce jin tsoro. To, ku saurari abin da ya faru a Paris ranar 9 ga watan Yuni na 2023.

Ranar nan Karlos ya kara da Jokobic a wasan kusa da na ƙarshe. Karlos yana da shekara 20, Jokobic 36. An daɗe ana jiran wannan haɗuwa, mutane da yawa kuma sun ba saurayin nasara tun kafin a fara. Jokobic ya ci turmin farko, Karlos ya ci na biyu. Wasa ya yi daɗi, ƴan kallo suna ta tafi.

Da aka shiga turmi na uku, sai hannun Karlos ya fara ɗaurewa. Can sai tsokar ƙafarsa ta ɗaure, ya tsaya cik a tsakiyar fili, ya kasa takawa. Dokar wasan ba ta yarda a tsayar da karawa don ɗaurewar tsoka ba. Domin a samu a duba shi nan take, dole ya bar wa Jokobic zubi ɗaya kyauta. Ya koma fili, amma ba ya iya gudu. Jokobic ya ci turmi na uku 6 da 1, na huɗu ma 6 da 1.

Bayan wasa ƴan jarida suka tambaye shi abin da ya same shi. Bai ɗora laifi a kan rana ba, bai ɗora a kan alƙali ba. Ya gaya musu cewa fargaba ce. Tun kafin ya shiga fili hankalinsa a tashe yake saboda girman wasan da girman wanda zai kara da shi.

Yaya fargaba take ɗaure ƙafa? Idan mutum ya ji tsoro, zuciyarsa tana bugawa da sauri, numfashinsa ya gajarta, tsokokinsa su ɗame kamar igiyar guga. Tsokar da ta daɗe a ɗame, ga kuma gudu, tana saurin gajiya. In ta gaji ƙwarai sai ta ɗaure. Ku ma kun san ɗan wannan. Malam ya kira ka gaban allo, ka san amsa sarai, amma bakinka ya bushe, hannunka yana rawa, alli ya ƙi rubutu. Abin da ya sami gwanin duniya ke nan, a gaban dubban mutane.

5. Bayan kwana 37

Karlos bai ɓoye ciwonsa ba, saboda haka ya samu nemo maganinsa. A cikin masu taimakonsa akwai wata masaniyar tunanin ɗan adam, wadda aikinta shi ne koya wa ƴan wasa yadda za su kwantar da hankalinsu. Ya kuma koma fili da sauri. A cikin watan nan na Yuni ya ci wata ƙaramar gasa a Landan, kofinsa na farko a kan ciyawa.

Ranar 16 ga watan Yuli, kwana 37 bayan abin da ya faru a Paris, ya isa wasan ƙarshe na Wimbildon. Wa ya tarar a can? Jokobic! Shekara 10 ke nan ba a kayar da Jokobic a babban filin Wimbildon ba.

Turmin farko ya tafi kamar ƙiftawar ido: Jokobic 6, Karlos 1. Ƴan kallo suka ce yau ma ga ta nan. A turmi na biyu suka je raba gardama, har saura maki ɗaya Jokobic ya ci turmin. Karlos ya tsaya, ya ƙwace shi. A turmi na uku akwai zubi ɗaya da suka yi fiye da minti 25 suna ja, kowa ya ƙi saki, a ƙarshe Karlos ya ci. Jokobic ya farfaɗo ya ɗauki turmi na huɗu. A na biyar Karlos ya ci 6 da 4. Sun yi awa 4 da minti 42 a fili, ƙafarsa kuwa ba ta ɗaure ba.

A shekarar 2024 ya ci gasar Paris, ya sake cin ta Wimbildon. Amma kada ku ce daga nan bai ƙara tuntuɓe ba. A watan Agusta na shekarar, Jokobic ya kayar da shi a wasan ƙarshe na Olimpik a Paris, ya samu lambar azurfa, ya yi kuka a gaban jama'a. Bayan mako biyu, a wata gasa a Amurka, haushi ya kama shi ya farfasa raket ɗinsa a ƙasa. Daga baya ya nemi gafarar jama'a, ya ce bai kyauta ba. Kwantar da hankali ba karatu ba ne da ake haddacewa sau ɗaya a ajiye. Kullum sai an sake shi.

6. Maki uku

Ranar 8 ga watan Yuni na 2025 aka yi wasan ƙarshe na gasar Paris. Karlos da Yanik Sinar ne. A lokacin Sinar ne na ɗaya a duniya, kuma karawa 6 da ya yi kafin nan bai bar wa kowa ko turmi ɗaya ba.

Sinar ya ci turmin farko. Ya ci na biyu. Karlos bai taɓa cin karawar da aka riga shi cin turmi biyu na farko ba. Ya daure ya ci na uku. A turmi na huɗu Sinar ya kai zubi 5, Karlos yana da 3. Karlos ne ke bugun buɗewa. Sinar ya ci makin farko, ya ci na biyu, ya ci na uku. Allon lissafi ya nuna 0 da 40.

Ku tsaya ku lissafa. Sinar yana bukatar maki ɗaya kawai ya ɗauki kofi, kuma yana da dama har sau uku. Karlos kuwa in ya yi kuskure ɗaya, shi ke nan. A wannan fili ne ƙafarsa ta ɗaure shekara biyu da suka wuce.

Ba wanda zai iya cin maki uku da bugu ɗaya. Karlos ya buga na farko, ya ci: 15 da 40. Ya buga na biyu, ya ci: 30 da 40. Ya buga na uku, ya ci: 40 da 40. Ya ƙara biyu ya ɗauki zubin. A zubi na gaba Sinar ne ke bugun buɗewa, in ya ci ya gama. Karlos ya ƙwace wannan ma. Suka je raba gardama, ya ci turmin. Turmi na biyar shi ma sai da aka je raba gardama, Karlos ya ci 10 da 2. Sun yi awa 5 da minti 29. Ba a taɓa yin wasan ƙarshe mai tsawon wannan a gasar Paris ba. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

To, shi Sinar fa, wanda kofi ya suɓuce masa yana gab da ɗauka? Shi ma bai kwanta ba. Bayan mako biyar suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Wimbildon, Sinar ya yi nasara. A watan Satumba suka haɗu a Niyu Yok, Karlos ya rama. Wannan shi ne babban kofinsa na 6, yana da shekara 22.

Abin lura

Gwani ma yana jin tsoro. Karlos ya faɗi tsoronsa da bakinsa, ya nemi taimako, ya koma fili. Da aka kai shi bakin faɗuwa, bai tsaya kallon kofi ba, ya kula da makin da ke gabansa. Ranar jarrabawa, in ka ga tambayoyi goma zuciyarka ta fara bugawa, ka ja numfashi a hankali sau uku, ka karanta ta farko, ka amsa ta. In ka gama, sannan ka dubi ta biyu.

Ma'anar kalmomi

Raket: abin da ake buga ƙwallon tanis da shi.
Zubi: abin da ɗan wasa ke samu in ya ci maki huɗu da ratar biyu.
Turmi: zubi shida da ratar biyu.
Raba gardama: ɗan gajeren wasan da ake yi in an yi 6 da 6.
Fargaba: tsoron abin da bai riga ya faru ba.
Tsoka: naman jiki mai motsa ƙashi.

Ga yadda ake rubuta sunayen a ƙasashen masu su: Carlos Alcaraz, Juan Carlos Ferrero, Rafael Nadal, Novak Djokovic, Jannik Sinner, Casper Ruud.

Tambayoyi

1. Mene ne ya bambanta tashin wasan tanis da na ƙwallon ƙafa?
2. Su wane ne suka taimaki Karlos tun yana yaro? Me kowannensu ya yi masa?
3. Me ya same shi a Paris a 2023? Me ya ce ya jawo abin?
4. Don me ya nemi gafarar jama'a a 2024?
5. Ku bayyana abin da 0 da 40 yake nufi a turmi na huɗu na wasan 2025.
6. Me Sinar ya yi bayan an kayar da shi a Paris?

Lissafi

1. Maza 128 ne suka fara gasa. A kowane zagaye rabinsu suna fita. Ku rubuta yawan waɗanda suka rage bayan kowane zagaye har ya zama saura ɗaya.
2. Kowace karawa tana fitar da mutum ɗaya. Karawa nawa ake yi a gasar duka?
3. Ku mai da awa 5 da minti 29 zuwa minti. Wasan ƙwallon ƙafa na minti 90 nawa za a iya yi a cikin wannan lokaci? Minti nawa za su rage?
4. Mu ɗauka tsawon filin tanis mita 24 ne, faɗinsa mita 8. Nawa ne kewayensa?

Aiki

1. Ku nemo Espanya, Faransa, Ingila, Italiya, Amurka da Ostiraliya a taswirar duniya.
2. Ku auna filin tanis a farfajiyar makaranta da igiya, ku shata shi da toka.
3. Kowa ya rubuta layi goma a kan wata rana da fargaba ta kama shi. Me ya ji a jikinsa? Me ya yi? Wa ya gaya wa?
4. Ku tambayi iyayenku ko kakanninku karin magana biyu a kan haƙuri ko tsoro, ku kawo su aji gobe.